Ɓuntun Shinkafa Da Kashin Maƙera: Dukiyar Da Ake Cinna Wa Wuta A Jalingo

Akwai wata irin asara da ake tafkawa kowace rana ta Allah a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, wadda ba ta shiga littafin akanta, ba ta kuma fitowa a jawabin kasafin kuɗi. Watau ɓuntun shinkafa da ake jibgewa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, wanda in masu kiwon kaji sun ɗebi na shimfiɗa, sauran sai a cinna masa wuta ya yi kwana da kwanaki yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Haka kuma kashin alminiyam da masu zubin tukwane suke kwalfewa daga saman narkakken ƙarfe su watsar a juji. Alhali kuwa a cikin wannan gari, mai gyaran wayar hannu da mai gyaran talabijin da mai haɗa inbata, sai sun aika Legas ko Onica ko Kano an sayo musu ɗan farin man da ake shafa wa na'ura don kada zafi ya kashe ta, kuma man nan daga Sin aka yi odarsa da kuɗin ƙasashen waje. Abin da ake zubarwa a juji da abin da ake sayowa da tsada asalinsu ɗaya ne. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa, kuma akwai masu alhakinsa.

Kafin a kai ga masu alhaki, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Babu wata na'urar lantarki da ba ta haifar da zafi a cikinta, tun daga wayar hannu da kwamfuta har zuwa ƙwan fitila na zamani da tiransfoma. In zafin nan bai sami hanyar fita ba, to shi ne ajalin na'urar. Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita, cewa wasu sassan na'ura, musamman 'yan gwangwanayen nan masu riƙe caji, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage tsawon ransu da rabi. Batirin mota da na sola irin na dalma shi ma haka yake, da zarar ɗakin da yake ciki ya zarce digiri 25 sai ransa ya soma raguwa. To, a Jalingo zafin watan Maris da Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa. Ashe ke nan talakan da ya tara kuɗin gyaɗa ko na masara ya sayi batir da inbata, tun ranar da ya saya rana ta soma cin rabonta a ciki.

Hanya biyu ake bi a yaƙi zafi. Ta fari, a janye shi daga cikin na'ura. Don haka ne ake manna wani ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar mataji a bayan sashen da ke zafi, domin ya zuƙe zafin ya watsa wa iska. Amma komai santsin ƙarfe, in aka haɗa fuska biyu sai an sami 'yan ramukan da iska ta maƙale, ita kuwa iska ba ta wuce da zafi. Shi ya sa ake cike tsakani da mai wanda aka cuɗa da garin duwatsu masu jan zafi. Babba daga cikinsu shi ne alumina, watau farin garin da ake samar da alminiyam daga gare shi, wanda ya fi iska jan zafi fiye da sau dubu. Akwai kuma silikon-kabayid, wanda ya ninka alumina. Hanya ta biyu ita ce a tare zafin waje kada ya shigo, kamar yadda ake yi wa ɗakin batura da akwatin ajiye allurar rigakafi. Har ila yau, baƙin ƙoƙon nan da ake rufe ƙwaƙwalwar na'ura da shi, yawancin nauyinsa garin silika ne, domin shi ke hana ƙoƙon kumbura ya tsage idan ya ɗau zafi. Alumina da silika da silikon-kabayid, waɗannan su ne kayan da manyan kamfanonin duniya suke rububi, balle yanzu da ake gina manyan rumbunan kwamfuta masu cin wuta kamar gari guda.

Yanzu sai a dubi ɓuntu. Duk tan ɗaya na shanshera, watau kilo 1,000, in an casa shi yana fitar da ɓuntu kimanin kilo 200. In an ƙone wannan ɓuntu ana samun toka wajen kilo 40, kuma fiye da kashi 85 cikin ɗari na tokar nan silika ce, wadda shinkafa ta tsotso daga ƙasa. In aka fara wanke ɓuntun da ruwan asid mai sauƙi, sa'an nan aka ƙone shi cikin tanda a zafin da bai wuce digiri 700 ba, ana samun farar silika mai tsabta wadda takan kai kashi 99 cikin ɗari. Amma in aka bar shi yana ci da wuta a fili yadda ya ga dama, tokar takan fito baƙa, wani lokaci kuma ta rikiɗe ta zama irin ƙurar da ke lalata huhu. Jihar Taraba kuwa tana cikin manyan masu noman shinkafa a Nijeriya. Fadamun Binuwai da rassansa, daga Karim Lamido da Lau zuwa Gassol da Ibi da Wukari, suna fitar da ita buhu bisa buhu, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a 2015, aka kuma rufe kan iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, injinan casa suka ƙaru a ko'ina cikin Arewa. An yi ta buga ganga a kan dalar shinkafa. Dalar ɓuntun da ta tashi tare da ita kuwa, ba a ji mai ganga ya waiwaye ta ba.

Kada wani ya ce wannan sabon ilmi ne da bai iso ba tukuna. Tun a shekarar 1973 wani malami a Jami'ar Yuta ta Amurka, Ivan Cutler, ya yi rajistar hanyar samar da silikon-kabayid daga ɓuntun shinkafa. Dabarar ba ta da wani sihiri. Ɓuntu yana ɗauke da gawayi da silika a cakuɗe tun daga gona, saboda haka in aka gasa shi a rufe ba tare da iska ba, a zafin da ya haura digiri 1,200, sai su biyun su haɗu su zama abu ɗaya mai tauri da jan zafi. Kamfanin taya na Goodyear ya shafe shekaru yana sa silikar ɓuntu a cikin tayoyinsa. Masana'antun ƙarfe a ƙasashe da dama suna barbaɗa tokar ɓuntu a saman narkakken ƙarfe domin ta riƙe masa zafi. A Jihar Bihar ta Indiya, kamfanin Husk Power Systems ya soma bai wa ƙauyuka wutar lantarki da ɓuntu tun wajen 2008. Shekara hamsin ke nan da wani abu ilmin yana cikin littattafai. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kashin alminiyam shi ma haka labarinsa yake. A Jalingo, kamar sauran garuruwan Arewa, 'yan gwangwan suna bi lungu-lungu suna tattara gwangwanin lemo da tsofaffin sassan inji da wayoyi. Wani kaso yana zuwa hannun masu zubin tukwane da ludaya, mafi yawa kuma a loda shi a tirela a yi kudu da shi. Narkar da tsohon alminiyam yana cin kashi 5 ne kacal cikin ɗari na wutar da ake bukata wajen fitar da sabo daga ƙasa, don haka ne 'yan kasuwar duniya ba sa wasa da shi. Kashin da ke tasowa a saman tukunyar narki kuwa cike yake da alumina. In aka watsar da shi ruwan sama ya taɓa shi, yana fitar da iska mai wari da yaji a ido, ya kuma gurɓata ƙasa. In aka wanke shi a wuri killatacce aka gasa shi, sai ya koma garin alumina.

Daɗin daɗawa, akwai maganar lafiya da ta shafi kowane gida. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen zubi na ƙasar Kamaru, maƙwabciyar Taraba, ya gano cewa dalma tana fita daga jikin tukwanen da aka zuba da tarkacen inji tana shiga abinci. Arewa kuwa ta san abin da dalma take yi, domin a 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara. Tarkacen injin da bai dace da tukunyar tuwo ba, ya dace sarai da zubin ƙarfen zuƙe zafi na fitilun titi da inbatoci, tun da ba a cin abinci a cikinsu. Maƙerin da ya iya zuba tukunya a cikin rairayi zai iya zuba wannan, in aka ba shi ma'auni aka kuma ba shi mai saye. Da haka maƙeri zai sami kasuwa, yaro kuma ya tsira daga guba.

To, wa ya hana? Abin da ya hana shi ne tsohuwar ɗabi'ar da Turawan mulkin mallaka suka dasa, 'yan barandansu na gida kuma suka gada suka raina ta har ta yi jijiya, watau a kwashi ɗanyen kaya a kai gaɓar teku, a karɓi la'ada, a sayo ƙerarren kaya a sake karɓar wata la'adar. Ɗan kwangilar da ke cin riba a kan kowace fitilar sola da aka yi oda ba ya fatan fitilar ta daɗe, domin mutuwarta ita ce sabuwar kwangilarsa. Mutanen Taraba sun ga wannan ɗabi'a da idonsu a kan itacen madobiya, wanda 'yan katako suke kira madrid. Cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan jihar aski, manyan motoci suna ta jigilar gungume zuwa Legas. Ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta ba da rahoto a 2017 cewa gungume kusan miliyan 1.4 aka fitar daga Nijeriya zuwa Sin ba bisa ƙa'ida ba, har hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta dakatar da cinikin madobiyar Nijeriya a 2018. An ƙera gadaje da kujeru na alfarma a can, nan kuwa an bar kututture da zaizayar ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan darasi yana da muhimmanci domin akwai wani arziki da ke kwance yana jiran irin wannan wawaso. A tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, akwai jar ƙasar nan da masana suke kira boksayit, uwar alumina da alminiyam. Duk tan ɗaya na alumina da aka tace yana barin fiye da tan ɗaya na jan taɓo mai cin fata. Ranar 4 ga Oktoban 2010 madatsar irin wannan taɓo ta ɓalle kusa da garin Ajka na ƙasar Hangari, ta malale ƙauyuka, mutum 10 suka mutu. Ƙasar Gini tana cikin waɗanda suka fi kowa fitar da boksayit a duniya, amma mafi yawansa ɗanye yake barin tashar jirgin ruwa, talakanta kuma yana nan inda yake. Jihar da ba ta koyi sarrafa ɓuntu da kashin tukunya ba, yaya za ta yi ranar da aka jibge mata tafkin jan taɓo a kan tsaunin da koguna suke gangarowa daga gare shi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu kare zaman kashe wando a ofisoshi suna da uzuri guda biyu da suke jawowa kullum. Na fari, wai babu wutar lantarki. Lalle babu, amma laifin wa? Tun shekarun 1970 ake auna madatsar Mambila. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilar dala biliyan 5.8 domin samar da megawat 3,050, sai aikin ya maƙale a shari'a da kai-komo, har yau babu madatsa. Tashar Kashimbila mai megawat 40 ce aka samu aka buɗe a 2023. Wanda ya kasa kawo wuta ba shi da bakin kafa hujja da duhu. Bugu da ƙari, ɓuntu shi kansa makamashi ne. Tandar da aka gina bisa ƙa'ida tana iya turara shinkafa ta busar da ita da zafin ɓuntu, ta kuma bar farar toka a ƙarshe. Mai injin casa zai huta da sayen itace, daji ya huta da gatari, ga kuma toka ta sayarwa.

Uzuri na biyu, wai kayan da ake sa wa ƙwaƙwalwar na'ura suna bukatar tsabta ta ƙin ƙarawa, wadda ƙaramar masana'anta ba za ta iya kaiwa ba. Wannan gaskiya ne a kan matakin ƙoli, amma ba a hawa tsani daga sama. Matakin fari shi ne tubali da allunan tare zafi na tokar ɓuntu, domin ɗakunan batura da rumbunan magani da azuzuwan makaranta masu rufin kwano. Na biyu, ƙarfen zuƙe zafi na zubi. Na uku, tsabtatacciyar silika da alumina waɗanda masu yin fenti da roba da sabulu da tangaran suke saye a cikin ƙasar nan. Sai an taka waɗannan ake isa ga man na'ura da silikon-kabayid. Ƙasashen Asiya da ake sayo kayan nan daga wurinsu a yau, da ƙananan rediyoyi da kayan da ake yi wa dariya suka fara. Sannu ba ta hana zuwa, amma wanda bai tashi ba har abada ba zai isa ba.

Ba kuma za a ce babu hukumomi ba, domin hukumomi kam sun yi yawa har suna tuntuɓe da juna. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ɗanyun Kayan Masana'antu, watau RMRDC, an kafa ta da Doka ta 39 ta 1987 musamman domin a rage odar kayan da ake iya samu a gida. Hukumar NASENI ta kimiyya da ƙere-ƙere tana nan tun 1992. Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo an kafa ta a 2008, Jami'ar Tarayya ta Wukari kuma a 2011, ga asusun TETFund da ke karɓar haraji daga kamfanoni domin bincike. A jami'o'in ƙasar nan ɗalibai sun rubuta kundaye masu ɗimbin yawa a kan tokar ɓuntu, an ba su digiri, an jera kundayen a kanta, gara da ƙura suna rabonsu. A 2017 da 2018 an sa hannu a kan Umurnin Shugaban Ƙasa na 3 da na 5, waɗanda suka wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida da ƙwararrun gida wajen sayayya da kwangila. Jama'a suna da haƙƙin su tambaya, fitilun titi nawa ne a Jalingo, daga Mil Shida zuwa Nukkai, suke ɗauke da ko da ƙusa ɗaya da aka ƙera a Taraba?

Dokokin shara na ƙasar nan su ma da gyara. An haife su ne cikin firgici, bayan da aka gano a 1988 cewa an jibge fiye da tan 3,500 na guba daga Italiya a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Daga nan aka yi Doka ta 42 mai hukunta masu shigo da guba, aka kafa hukumar kare muhalli, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Wannan ya yi daidai, domin ƙasar da ba ta tsare ƙofarta ba za ta zama jujin wasu. Sai dai idon doka ya saba da kallon shara a matsayin abin kamawa da cin tara kawai. Turawan da suka turo gubar Koko sun san bambancin sharar da ba ta da amfani da wadda take da shi, shi ya sa suka turo ta farko, kasuwar duniya kuma take aiko dillalai su saye ta biyu a kan kuɗi ƙalilan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun na'urori, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na'urar da zafi ya kashe kafin lokacinta tana cikin wannan tsibi, kuma talaka ne ya biya kuɗinta.

Saboda haka abin da ya wajaba a fili yake. Gwamnatin Jihar Taraba ta hana ƙona ɓuntu a fili cikin gari, amma kafin hanin ta keɓe wuri kusa da injinan casa ta gina tanda ta gwaji tare da ƙungiyar masu injin, yadda ribar toka za ta koma hannunsu. A ƙidaya ɓuntu da kashin alminiyam da ake fitarwa a shekara, a buga adadin kowa ya gani. Jami'ar Jiha ta buɗe ɗakin awo inda maƙeri zai kai ƙarfensa a gwada masa ko akwai dalma a ciki, a kuma auna masa jan zafinsa. A yi wa 'yan gwangwan da masu zubi rajista a matsayin masu sana'a, a ba su safar hannu da takunkumi da rance, maimakon kora da kame. A rubuta cikin kowace kwangilar sola ta jiha da ta ƙananan hukumomi cewa wani kaso na kayan zai fito daga gida. Majalisar Dokokin Jiha da wakilan Taraba a Majalisar Tarayya su tsaya kai da fata kada a ba kowa izinin taɓa boksayit ɗin Mambila sai ya bayyana a rubuce inda zai tace shi da yadda zai yi da taɓonsa.

Jihar Taraba tana yi wa kanta kirari da cewa ita ce kyautar da Allah ya yi wa ƙasa. Tun ranar 27 ga Agustan 1991 da aka yanke ta daga tsohuwar Gongola ake wannan kirari, an kuma kwashi katako da duwatsu masu daraja da shanshera an fita da su, samarin Sintali da Magami da Sabon Gari suna ta yawo da takardun shaida babu aiki. Manoma da maƙera da masu gyaran waya su ne masu ƙuri'a, kuma duk mai neman kujera zai zo ƙofarsu. In ya zo, sai su nuna masa hayaƙin da ke tashi a bayan injin casa, su tambaye shi abin da ya shirya yi da shi, da ranar da zai fara, da kuɗin da ya ware. Wanda ya kasa amsawa, to ya nuna cewa shi ma ɗan la'ada ne, kuma bai cancanci a damƙa masa dukiyar jama'a ba.